Tambaya Mabuɗin Ilimi: Farar Wuta, Daga Tankar Jubail Zuwa Gonar Dabino

Wasiƙun da suka iso wannan watan da yawansu a kan abu guda suke, wato farar wuta, wadda shagunan attar (masu sayar da kayan ƙamshi da magungunan gargajiya) da na kayan gona a nan Saudiyya suke sayarwa da sunan kibrit. Mun taƙaita tambayoyin, masu ilimin sinadarai da na gona da na harhaɗa magani da ke kula da wannan shafi suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe na sakandare. Malaminmu ya ce farar wuta ba ta da wari, ni kuwa duk inda na ji warin ruɓaɓɓen ƙwai sai a ce mini warin kibrit ne. Wanne ne gaskiya? Ku kuma bayyana mini siffofinta yadda zan riƙe.
Daga wani ɗalibi, Madina

AMSA: Wa alaikumus salam, samari. Malaminka ne da gaskiya. Farar wuta tsantsa ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na wata iska ce da ake samu idan ta haɗu da haidirojin, ita ce H2S. Idan kuma ƙone ta aka yi, hayaƙin nan mai shaƙe maƙogwaro, irin na ashanar da aka kyasta, SO2 ne. Warin tafarnuwa da albasa, da warin da ake sa wa gas ɗin girki da gangan domin a gane silinda na yoyo, duk haɗe-haɗenta ne da wasu sinadarai. Ka riƙe wannan da kyau, domin sauran amsoshin shafin nan a kansa suka tsaya: ita kanta ba ta da faɗa, abin da ta rikiɗa ta zama shi ne mai faɗan.

Alamarta S, lambarta 16 a jadawalin sinadarai, tana ƙarƙashin oksijin a layi ɗaya, nauyin ƙwayar zarrarta 32.06. Ƙwayoyin takwas-takwas suke kama juna su yi zobe, shi ya sa za ka ga an rubuta S8. Launinta ruwan ɗorawa ne. Tana da gautsi, a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs wajen 2 take, farce ma yana karce ta. Dunƙulenta ya ninka ruwa nauyi sau biyu da ɗan ɗoriya (2.07), amma idan ka barbaɗa garinta a kofin ruwa sai ya tsaya a sama, domin ruwa ba ya jiƙa ta, ba ta kuma narkewa a cikinsa ko an shekara. Abin da ke narkar da ita sosai shi ne kabon disalfaid, wani ruwa mai guba da saurin kama wuta wanda ba a taɓa shi sai a ɗakin gwaji. Lantarki ba ya ratsa ta, zafi ma da ƙyar. Idan ka dunƙule babban gutsurenta a tafin hannu ka kai kunne, kana iya jin ƙas-ƙas: bayanta ya ɗauki ɗumin hannunka ya buɗe, cikinta bai sani ba, sai ta tsage.

Lambobin zafi uku ake yawan tambaya a jarrabawa. Wajen digiri 96 na selsiyos ƙirar lu'ulu'unta takan sauya daga dunƙulalliya zuwa mai tsinin allura. Wajen digiri 115 take narkewa. A digiri 444.6 take tafasa. Harshen wutarta shuɗi ne. Wajen haɗuwa da wasu kuwa tana da fuska uku da suka fi yawa: -2 a cikin H2S da duwatsun ma'adinai irin su galena, +4 a cikin SO2, +6 a cikin asid ɗin batir da jibsin. Gwajin da ya fi nuna bambancin cakuɗawa da haɗuwa shi ne na giram 7 na garin ƙarfe da giram 4 na farar wuta. Kafin a ɗora a wuta, mayen ƙarfe yana tsince ƙarfen tas. Da an ɗumama sai cakuɗin ya yi jajir da kansa, ya koma baƙin abu guda wanda ba a rabawa da hannu. A gaban malami ake yin sa, kuma kada a ɗiga wa baƙin abin asid, domin nan take zai saki H2S.

Jabir bin Hayyan da masanan zamaninsa sun ɗauka duk ƙarafa daga farar wuta da zaiba aka yi su. Sai a 1777 Lavoisier na Faransa ya kafa hujja cewa ita tushe ce mai zaman kanta, ba haɗin wasu abubuwa ba.

TAMBAYA: Ina tuƙa tankar da ke ɗaukar narkakkiyar farar wuta. Kwanan baya bawul ya toshe, wani abokin aiki ya ƙara wa tururi ƙarfi don ta saki, sai abin ya ƙara cijewa. Ta yaya abu zai yi kauri don an ƙara masa wuta? Kuma me ya sa ake tilasta mana rataya na'urar H2S, alhali farar wuta muke ɗauka ba gas ba?
Daga wani direba, Jubail

AMSA: Malam direba, abokin naka ya yi abin da hankali ke bayarwa, sai dai farar wuta ba ta bin wannan hankalin. Daga digiri 120 zuwa wajen 155 ruwa ce tsararo, rawaya, famfo yana tura ta ba wahala. Da ta haura 159 sai zobban nan masu ƙwaya takwas su fara tsinkewa, bakin wannan ya kama bakin wancan, su zama dogayen igiyoyi da ke sarƙe juna. Launi ya koma ja mai duhu, kauri ya yi ta hauhawa har wajen digiri 187, inda ya ninka na farko fiye da sau 10,000. A nan ta zama kamar alewar da aka bari a wuta, ko ka kifa tukunya ba za ta zubo ba. In aka ci gaba da zafi igiyoyin za su sake guntulewa ta saki, amma babu mai hankalin da zai bi wannan hanya a tanka, domin an doshi zafin da take kama wuta da kanta, wajen digiri 230.

Saboda haka tsakanin iyaka biyu ake aikin, daskarewa a ƙasa, kauri a sama. Ana riƙe ta ne tsakanin 130 da 150. Tururin da ke zagaya rigar bututu, idan agogon matsi ya nuna bar 3 zafinsa wajen digiri 143 ne, bar 3.5 wajen 148. Da an kai bar 6 an haura 160, sai farar wutar da ke manne da bangon bututu ta yi danƙo ta zama rufi, ta hana zafi isa ga daskararriyar da ke tsakiya. Shi ne abin da kuka gani. Kuma galibi ba ƙarancin ƙarfin tururi ke kawo toshewa ba. Ko dai tarkon da ke fitar da ruwan tururi ya mutu, ruwa ya taru a rigar ya huce, ko wani lungu, kamar wuyan bawul ko mahaɗar tiyo, ya zauna ba rufi iska na bugunsa. Gyaran shi ne a dawo da tururi ma'auninsa, a duba tarko, a rufe lungun, a yi haƙuri. Ba ta ɗaukar zafi da sauri, narkewarta sai an jira. Kada a haska wa bawul wutar walda, kada a doke shi da gudumar ƙarfe. Kada kuma a loda tankar da ke da sauran ruwa a ciki: farar wuta mai digiri 140 tana sauka a kan ruwan zai koma tururi nan take, ya watso ta ta bakin murfi. A tuna kuma lita ɗaya tata kilo 1.8 ce, tanka kan kai iyakar nauyinta tun ba ta cika ba.

Batun na'urar kuwa, sai ka san inda kayan naka suka fito. A da haƙo ta ake yi, tsibirin Sisili na Italiya ya daɗe yana ciyar da duniya, daga 1894 kuma aka fara narko ta daga ƙarƙashin ƙasa da ruwan zafi a Luwiziyana ta Amurka. Yau kusan dukkanta daga tace gas da ɗanyen mai ake samu. Ɗanyen man nan da ake kira Arab Light yana da farar wuta kusan kashi 2 cikin 100, Arab Heavy kusan kashi 3, alhali Bonny Light na Najeriya bai kai rabin kashi ɗaya ba. Gas ɗin da ke shiga masana'antun Aramco irin su Berri da Shedgum da Usmaniyya da Wasit yana ɗauke da H2S. Ana wanke shi da ruwan wani sinadari da ake kira amin ya tsotse H2S ɗin, sannan a bi hanyar da Carl Claus ya yi wa rajista a 1883, aka inganta ta daga baya: a ƙone kashi ɗaya cikin uku a tanderun da ya haura digiri 1,000 ya zama SO2, wannan SO2 ɗin ya haɗu da kashi biyun da suka rage, a sami farar wuta da ruwa. Daga nan wata a mayar da ita ƙwaya-ƙwaya a loda jirgin ruwa a Jubail, wata ta tafi masana'antun kamfanin ma'adinai na Ma'aden a Ras al-Khair da Wa'ad al-Shamal, inda tan ɗaya ke ba da wajen tan uku na asid irin na batir, asid ɗin ya narkar da dutsen fosfet a yi taki.

To, wadda ta fito daga tanderun Claus tana fitowa ne da H2S narke a jikinta. Ana cire mafi yawansa kafin lodi, amma ragowar tana fita a hankali, girgizar hanya tana taimaka mata, ta taru a sararin da ke saman tanka. Wanda ya buɗe murfi ya leƙa shi ke fara shaƙa. Lissafin na'urarka kashi ne cikin miliyan, abin da take rubutawa ppm. Hanci yana jin warin tun bai kai 1 ba. Na'urori da yawa a 10 suke kuka. A 100 an shiga haɗarin rai, kuma tsakanin 100 da 150 jijiyar jin wari take mutuwa, mutum ya ɗauka iskar ta wuce alhali ƙaruwa ta yi. Daga 500 zuwa 700 mutum kan faɗi cikin 'yan mintuna, sama da haka shaƙa ɗaya ko biyu ta isa. Ta fi iska nauyi, ramuka da ƙasan tanki take nema. Ka tsaya ta inda iska ke fitowa kafin ka buɗe murfi, na'urar a ƙirji kusa da hanci, ba a aljihun wando ba.

In wuta ta kama, da rana harshenta ba ya ganuwa sosai, hayaƙin da ke cin ido ne zai gaya maka. Feshin ruwa mai laushi ake yi, domin ruwa mai ƙarfi yana tayar da ƙura, ƙurar farar wuta kuwa tartsatsi kaɗan ke tayar da ita. Wadda ta zuba a fata a sanyaya da ruwa, a bar ɓawon a wurin, likita ne zai cire.

TAMBAYA: Ina kula da gonar dabino. Bara ƙura da yanar gizo-gizo suka rufe 'ya'yan, muka barbaɗa kibrit a watan Yuni, wasu nonnan suka ƙone, ƙwarin kuma ba su mutu ba. Bana maigidan ya ce mu zuba shi a ƙasa ma don ya kashe kanwar da ke cikinta. Yaya ake yi?
Daga wani mai aikin gona, Ƙasim

AMSA: Sannu da aiki, Malam. Maganin daidai ne, lokacin ne aka kuskure. Abin da ya kama dabinonku wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne dangin gizo-gizo, wanda manoman nan ke kira gubar. Yana tsotse fatar ɗanyen dabino, ya saƙa yana, ƙura ta manne, 'ya'yan su yi kaushi su tsage. Farar wuta da tururinta take aiki, ɗan abin da ke tashi daga garin idan rana ta ɗumama shi. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 18 tururin bai isa ba. In zafi ya haura 32 zuwa 35 ya yi yawa, sai ya ƙone fatar 'ya'yan da ganye. A Ƙasim watan Yuni ana haura 40. Ga kuma yanar da ta riga ta yi kauri, garin a kanta ya tsaya bai kai ga ƙwaron ba.

Rigakafi ake yi da ita. Bayan barbara ta kama, 'ya'yan suna ƙanana kore, tun zafi bai tsananta ba, a barbaɗa giram 50 zuwa 100 ga kowace bishiya, a kan nonnan da gindin ganyen da ke kewaye da su, da sassafe iska na kwance. A maimaita bayan mako biyu zuwa uku in yanayi ya bari. Da hunturu a share busassun nonna da 'ya'yan da suka zube da ciyawar gindi, nan ƙwaron ke fakewa. In yana ta riga ta bayyana, a wanke nonnan da ruwa mai ƙarfi, a nemi maganin wannan ƙwaro na musamman a wurin malamin gona. Mai barbaɗawa ya sa tabarau da takunkumi, garin yana cin ido.

Ga kayan lambu da inabi masu kama farin garin nan da ke rufe ganye, akwai nau'in da aka sarrafa don ya jiƙu, buhun yakan nuna kashi 80 cikin 100. Giram 200 zuwa 300 ake sawa a lita 100 na ruwa. Na barbaɗawa ba ya shiga tankin feshi, toshe bakin famfo zai yi. Kada a fesa ta cikin mako biyu, gara ma wata guda, kafin ko bayan maganin da ke da mai, haɗuwarsu na ƙone ganye. Wasu irin kankana da kokwamba ba sa jure ta, a gwada a kunya ɗaya tukuna.

Batun ƙasa kuwa, maigida yana da rabin gaskiya. Wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa suna cin farar wuta su mayar da ita asid, asid ɗin ya rage kanwa. Sai dai ƙasar nan cike take da farar ƙasa, ita kuma shanye asid take yi. Ga lissafin: kilo ɗaya na farar wuta yana cinye wajen kilo uku na farar ƙasa. Dunum ɗaya, wato murabba'in mita 1,000, zurfin santimita 15, ƙasarsa wajen tan 200 ce. In kashi 10 cikin 100 nata farar ƙasa ce, tan 20 ke nan, sai an zuba sama da tan 6 kafin pH, ma'aunin tsami da kanwar ƙasa, ya sauka ya zauna. Wannan asarar kuɗi ce. Abin da ke biya shi ne a yi wa saiwa ɗan lungu mai tsami: rabin kilo zuwa kilo ɗaya na gari mai laushi ga babbar bishiya, a cakuɗa da takin gargajiya, a binne a kwarin gindinta da hunturu, nesa kaɗan da kututture, a ba da ruwa. Aikin watanni ne, kuma a busasshiyar ƙasa ba ya tafiya ko kaɗan. Gishiri kuwa farar wuta ba ta cire shi, ruwa mai yawa da magudana ne ke wanke shi. Jibsin ma ba ya sauke pH, kada mai shago ya ce maka ɗaya suke.

TAMBAYA: Yarana uku suna fama da ƙaiƙayi da dare, ga kuɗin cizo a ɗaki. Wata maƙwabciya ta ce in sayo kibrit a attar, in ƙona rabi a kasko in rufe ɗaki, rabi in kwaɓa da man shafawa. Ya halatta a likitance?
Daga wata uwar gida, Makka

AMSA: Hajiya, na kaskon kada ki yi shi, ko kusa. Farar wuta idan ta ƙone tana ba da SO2 ninkin nauyinta biyu. Giram 100, cikin tafin hannu ke nan, yana fitar da sama da lita 70 na wannan iska. A ɗaki mai mita huɗu da huɗu, tsayi uku, ya haura kashi 1,500 cikin miliyan, alhali 100 ma haɗari ne ga rai. Da ta taɓa damshin ido da maƙogwaro da huhu sai ta zama asid. A gidajen bene tana bin ƙofa da ramin na'urar sanyaya ɗaki ta shiga wurin maƙwabta, mai asma da jariri su ne farkon faɗuwa. Tana kuma kashe launin tufafi, ta sa ƙarfe tsatsa, ƙwan kuɗin cizo da ke can cikin tsagar gado kuwa ya ƙyanƙyashe bayan kwanaki. Zafi ne maganinsu: wankin zanin gado a digiri 60, tururi a ɗinkin katifa, toshe tsagogi, in abin ya yi yawa a kira kamfanin feshi mai lasisi.

Na shafawar yana da asali. In ƙazwa ce, alamarta ƙaiƙayin dare da ƙuraje tsakanin yatsu, wuyan hannu da kugu, man farar wuta tsohon magani ne kuma yana aiki. Ƙarfinsa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne a cikin basilin, wato giram 5 a giram 95 ga mai sauƙin. Amma da garin kantin magani ake yin sa, mai laushi da tsabta. Na attar da na gona suna da tsakuwa da datti, awon cokali kuma yakan zarce, fatar yaro ta ƙone. Ana shafawa daga wuya har tafin ƙafa, dare uku a jere, a yi wanka kafin kowace sabuwar shafawa. Likitoci yau sun fi farawa da man permetrin mai kashi 5, su ajiye na farar wuta ga jariran da ba su kai wata biyu ba da masu juna biyu. Ki kai yaran a duba, ko ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, domin cizon kuɗin cizo da ƙazwa suna kama da juna, maganinsu kuma dabam. In ƙazwa ce, duk gidan ake yi wa magani rana ɗaya, har wanda ba ya susa. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda mako guda. Ƙaiƙayin kan ci gaba mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu, wannan ba dalilin ƙara shafawa ba ne.

TAMBAYA: Zoben azurfata yana baƙi duk bayan 'yan kwanaki. An cuce ni ne?
Daga wani dattijo, Jidda

AMSA: Baba, ba a cuce ka ba, azurfar gaske ce ke yin haka. Ɗan H2S da ke cikin iska, da ƙwai, da albasa, da roba, da sabulun kibrit, duk suna haɗuwa da ita su yi baƙar fata a samanta, damshin Jidda kuma yana hanzarta abin. A shimfiɗa takardar alminiyom a kwano, a zuba lita ɗaya ta ruwan zafi da cokali biyu na garin baking soda, a ɗora zoben ya taɓa takardar. Cikin 'yan mintuna farar wutar za ta bar azurfa ta koma kan alminiyom, za ka ji ɗan wari. Wannan ya fi gogewa, domin gogewa cin azurfar take yi. In zoben yana da dutsen fairuz, ko an manne dutsen da gam, ko baƙin da ke cikin zanen ado ne, a bar wa maƙerin azurfa.

TAMBAYA: Likita ya ce jikina ba ya karɓar maganin salfa. Shin in daina cin ƙwai da albasa? Kuma in na sha ƙamaruddin da azumi ƙirjina yakan riƙe.
Daga wata 'yar'uwa, Riyad

AMSA: Malama, ci ƙwanki. Jikin babban mutum yana ɗauke da wajen giram 140 na farar wuta, a gashi da farce da nama, ba mai rayuwa ba tare da ita ba. Abin da jikinki ya ƙi shi ne ƙirar wani rukunin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su Septrin. Riƙewar ƙirjin kuwa wata magana ce dabam. Busasshen mishmish (apricot) da ake yin abin shan ƙamaruddin da shi, da zabibi mai ruwan zinariya, ana sa musu SO2 ko danginsa don kada su yi duhu. A jikin leda za ki ga lamba daga E220 zuwa E228. Wasu masu asma wannan yana tayar musu da ciwo. Ki daina shan sa har ki ga likita, ki gaya masa wannan alamar daban da batun salfa. Busasshen mishmish mai launin ƙasa-ƙasa galibi shi ne wanda ba a sa wa ba.

TAMBAYA: Banɗakin gidan da muke haya yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Yaran unguwa sun ce in na biya su za su shiga bayyara, wato ramin da ruwan banɗaki ke taruwa, su duba.
Daga wani magidanci, Yanbu

AMSA: Alhaji, fara gano inda warin yake. Tari ruwan zafi a kofi ɗaya, na sanyi a wani, ka fita da su tsakar gida ka shinshina. In na zafin ne kaɗai ke wari, hitar ruwa ce. A cikinta akwai sandar magniziyom da aka sa don ta ci tsatsa a madadin tanki, wasu ƙwayoyin halitta kuma suna amfani da ita su mayar da salfet ɗin ruwa H2S, musamman in hitar ta daɗe a kashe ko tana kan ɗumi-ɗumi. A zubar da ruwan, a wanke tankin, a ɗaga zafi zuwa digiri 60 ko sama na 'yan sa'o'i, a kula da yara kada ya ƙone su. In ya dawo, mai gyaran famfo ya sauya sandar da ta alminiyom mai zinki. Kada a cire ta a bar wurin haka, tankin zai huje.

In kofunan biyu ba su da wari, daga magudana yake. Ƙarƙashin kowane rami akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ruwa ya tare iskar bayyara. A banɗakin da ba a yawan shiga, zafi kan busar da ruwan. Zuba lita ɗaya a kowane rami duk mako, a kuma duba bututun numfashi da ke kan rufi ko ya toshe. Kada ka zuba ruwan asid na buɗe magudana a ramin da ke wannan wari, yana iya sakin H2S mai yawa daga dattin da ya kwanta, kada kuma ka haɗa shi da ruwan bilic irin Clorox.

Yaran kuwa kada ka bari ko murfin su ɗaga su leƙa. Lambobin da muka ba direban Jubail su ne na bayyara, kuma motsa laka yana sakin iskar da ke kwance lokaci guda. Takunkumin hanci ko jiƙaƙƙen ƙyalle ba sa tare ta. In wani ya faɗa ciki, kada kowa ya bi shi, sau da yawa mai ceton shi ne gawa ta biyu. A kira 998 na Difa'ul Madani, masu kashe gobara da ceto, da 997 na motar asibiti. Kwasar bayyara aikin motar tsotsa ce, kuma mai gidan ne za ka sanar ya turo ta.